Gwiwar Yaya

Laraba, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Ni ce nake ɗaure wa Yaya gwiwa. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Wasanni biyar na ƙarshe a kakar da ta wuce da ciwo ta shige su, kuma a huɗu daga ciki hannuna ne ya ɓoye ciwon. Koci bai sani ba, likitan ƙungiya bai sani ba, Baba da Mama ma ba su sani ba. Ta sa na rantse.

Yaya ƙwallon kwando take buga wa ƙungiyar matan garinmu. Aikinta ke nan, kamar yadda Baba yake walda, Mama take ɗinki. Lamba sha ɗaya. 'Yan kallo suna ce mata Tsani saboda tsawonta. Yau sati uku da wasan ƙarshe. Mun rasa kofi da maki ɗaya. Na rubuta "mun" kamar ni ma na buga.

Tun ranar ake cewa Yaya ta sayar da wasan. Yau ne karo na farko da na rubuta wannan maganar, kuma ba na son in sake.

Littafin kimiyyata ne wannan, na yage shafukan gaba. In an tambaya zan ce ya ɓata.

Alhamis, ƙarfe bakwai na safe

Baba ya sha shayinsa a tsaye. Yaya ta gaishe shi, ya amsa wa kofin hannunsa.

Asabar, ƙarfe sha ɗaya na safe

Mutumin rediyo mai shirin wasanni ya fara waiwayen kakar da ta wuce. Ya ce kowace Asabar zai ɗauki kashi ɗaya har ya kai ƙarshe. Yau farkon kaka ya yi, lokacin da muka ci wasa bakwai a jere. Ya kira sunan Yaya sau tara. Ya ce a wasa na uku ita kaɗai ta jefa maki ashirin da takwas. Gaskiya ne, ina wurin.

Lokacin Baba rufe shago yake yi ranar wasa. Ya haɗa wani ƙaho da bututun ƙarfe, in ya busa sai na kusa da shi su toshe kunne. Duk sanda Yaya ta jefa sai ya miƙe yana dukan ƙirji: "'Yata ce! Ni na haife ta!" Wani mai sayar da lemo ya ce masa, "Haba mai walda, kai da ko kafaɗarta ba ka kai ba, ina ta samo tsawon?" Baba ya ce, "Da walda na ƙara mata. Kawo taka 'yar gobe, zan yi maka ragi." Har Koci sai da ya juyo daga benci yana dariya.

Baba ne ya yi mata zoben kwando da rodi a bangon tsakar gida tun tana shekara tara. Kullum yana ɗaga shi sama in ta ƙara tsawo.

Da mutumin rediyo zai rufe shirin ya ce, "Ku biyo mu sannu a hankali, za mu kai ranar da kowa ya sani." Sai ya yi wata 'yar dariya. Mama ta miƙa hannu daga kan keke ta kashe rediyon, ta ci gaba da ɗinki. Yaya tana ɗaki. Bangonmu ba ya tare magana.

Litinin, ƙarfe uku na rana

A makaranta wata 'yar ajinmu ta tare ni bakin famfo. Ta ce, "Ke, nawa aka ba yayarki? Ko ku ma ba a faɗa muku ba?" Sauran suka kwashe da dariya. Na cika gorata na wuce. A hanya na samo amsa har guda uku, duk masu zafi. Kullum haka nake, amsata a hanya take zuwa.

A da, malamin motsa jiki in ya gan ni sai ya ce, "Ƙanwar Tsani!" Yau ya ce, "Ke mai jar jaka, shiga layi."

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Bari in rubuta yadda abin ya faru, don kada in manta in fara yarda da mutane.

A wasanmu da masu koren riga ne. Yaya ta yi tsalle ta sauko a kan ƙafar wata. Ta tashi da sauri tana murmushi, ba wanda ya lura. Da muka zo gida ta rufe ƙofar ɗakinmu ta naɗe wando. Gwiwar ta kumbura kamar an hura ta.

Na ce, "Yaya, mu faɗa wa likitan ƙungiya."

Ta ce, "Ina Lamba Bakwai yanzu?"

Lamba Bakwai, abokiyar wasanta, ta faɗa musu ciwon kafaɗarta a tsakiyar kaka. Suka ce ta je ta huta. Kafin sati biyu wata ce take sanye da rigarta. Yanzu kayan kwalliya take sayarwa a bakin tasha, kuma in ta hango mu sai ta sunkuya kamar tana neman abu a ƙasa.

Yaya ta ce, "Wasa biyar ne kawai. A ƙarshen kaka za su sabunta kwantiragi. In na sa hannu, sai in yi jinya da sunan hutu."

Ni na iya ɗaurin ne saboda ba wanda yake ganina. In na raka Yaya atisaye sai in zauna a lungun ɗakin canja kaya da jakarta a cinyata. Mai tausa yana ɗaure wa 'yan wasa ƙafa a gabana, bai taɓa cewa in matsa ba. Na gani har na haddace. Filasta biyu a gicciye ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa. Sai soso ta gefen ciki, ni na ƙara wannan, irin wanda Mama take sa wa riga a kafaɗa. Sai bandeji daga ƙasa zuwa sama, ana ja daga baya yayin da take tsaye, dugaduganta a kan kifaffen bokiti. In an ja daga gaba ba ya riƙewa. Shi ya sa ba ta iya yi da kanta. Ta gwada sau ɗaya a wasan da suka je wani gari, ya zame tun zagaye na farko, ta ce wa Koci cikinta ne yake murɗawa, ta ƙare a benci.

A saman duka sai ta sa dogon wandon roba na ciki. Rabin 'yan ƙungiyar suna sawa, ba mai tambaya.

Ranar farko da na gama ta taka, ta yi ɗan tsalle, ta ce, "Kai! Likita Bebiya! Ashe bakin ne kawai ba ya aiki." Na ji daɗi. Wallahi na ji daɗi. Sannan ta riƙe kunnena ta ce in rantse ba zan faɗa wa kowa ba, ko Mama. Na rantse ina dariya.

Har yanzu ina ɗaurewa duk ranar da za ta fita. A gida tana tafiya a hankali, kowa ya ɗauka baƙin ciki ne.

Juma'a, ƙarfe shida na yamma

An kawo takarda daga kwamitin ladabtarwa. Za su zauna ranar Litinin ta sama da mai zuwa. An ce ta zo da mahaifinta.

A ciki akwai hoton da yake yawo a wayoyi. Yaya ce da baƙin tabarau, tana fitowa daga layin otal ɗin da abokan karawarmu suka sauka, kwana ɗaya kafin wasan ƙarshe. Na san inda ta je. Akwai kemis a bayan otal ɗin. Can ta je aka yi mata allurar kashe zafi, saboda ya yi nisa da unguwarmu, ba wanda ya san ta. Ba mu san a nan aka sauke su ba. Ni na ba ta shawarar ta je nesa. Tabarau ɗin ma ni na ce ta sa.

Baba ya karanta takardar sau biyu. Ya tambayi Mama, ba Yaya ba, ga ta kuwa tsaye a gabansa: "Ki tambaye ta me ya kai ta can."

Yaya ta ce, "Wucewa na yi, Baba."

Ya ce wa Mama, "Ta ce wucewa ta yi."

Ya ninke takardar ya sa a aljihu.

Asabar, ƙarfe sha biyu na rana

Mama ba ta kunna rediyo ba, amma maƙwabta sun kunna. Tsakiyar kaka. Ya yi maganar ranar da wuta ta ɗauke ana tsakar wasa, 'yan kallo suka haska fili da fitilun wayoyinsu suna rera, "Tsani! Tsani!" Ni ma na rera ranar, a cikin duhu, da ƙarfi. Ba wanda ya san ni ce.

Ana cikin shirin Baba ya shigo da guduma. Ya hau kan benci ya ɓalle zoben kwandon daga bango. Da ƙyar ya fita, shi ya yi shi da kyau. Mama ta ce, "Haba, me ƙarfe ya yi maka?" Ya ce, "Ina da aikin da zan yi da rodin." Ƙarya ne. Shagonsa cike yake da rodi.

Ramuka huɗu ne suka rage a bangon.

Lahadi, ƙarfe takwas na safe

Da Baba zai dube ta sau ɗaya da kyau, da ya gani. Ya daina kallonta.

Talata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Kyaftin ta zo. Ita ce wadda Yaya ta jefa wa ƙwallon ƙarshe. Ita ma an zage ta sosai kafin hoton ya fito, bayan nan aka manta da ita. Ta gaishe da Mama ta shigo ɗakinmu ba sallama, ta zauna a kan gadona. Ina ninke kaya, ba ta ce in fita ba.

Ta ce, "Madam Tsani, kin ɓuya kamar ɓera. Ko kina jin daɗin kuɗin ne ke kaɗai?"

Yaya ta ce, "In zagi kika kawo, ajiye a bakin ƙofa, akwai da yawa a can."

Kyaftin ta ce, "Da zagi ne da na aiko ta waya. Ke, shekara huɗu muna wasa tare. Abincina kike ci, safata kike sata. Na san ba ki sayar ba. Wa ma zai saye ki? Amma na ga fuskarki kafin ki ba ni ƙwallon nan. Kamar an soka miki wuƙa. Mene ne?"

Yaya ta ce, "Tsoro ne ya kama ni."

"Ke? Tsoro? Ke da kika ture alƙalin wasa har usur ya faɗi daga bakinsa?"

"Kowa yana da ranarsa."

Kyaftin ta juyo ta dube ni. Ban taɓa ganin ta dube ni ba. Ta ce, "Ke 'yar shiru, ke kike riƙe mata jaka. Me kika sani?"

Yaya ta ce, "Ƙyale ta, wannan ko sunanta ka tambaya sai ta yi shawara." Suka yi 'yar dariya. Na ci gaba da ninke rigar da na riga na ninke.

Da za ta fita ta ce, "In kika shiga gabansu da wannan maganar tsoron, za su haramta miki wasa shekara biyar. Ki yi tunani."

Bayan ta tafi Yaya ta ce mini, "Kin kyauta." Ba na son wannan kin kyautan.

Alhamis, ƙarfe biyu da rabi na rana

Na kai wa Baba abinci shago. Yana walda wata ƙofa, masu zaman benci uku suna gefe. Ɗayansu, mai gyaran babur, ya ce, "Mai walda, yaushe za a buɗe mana sabon shagon ne? Mun ji jari ya shigo gida." Sauran suka ce, "Kai, bari mana," amma suna murmushi.

Baba bai ɗaga gilashin fuskarsa ba. Ya ci gaba da aiki, tartsatsi yana zuba a kan takalminsa. Na ga layin waldar ya karkace. Baba ba ya karkata layi.

Da ya karɓi kular ya ce, "Auta, ke dai ki yi karatunki. Ke ba ki taɓa sa ni sunkuyar da kai ba."

Na buɗe baki. Na ce, "Baba..." Ya ce, "Na'am?" Na ce, "Mama ta ce a dawo da kular da wuri."

Ƙahon nan yana ƙarƙashin tebur, cikin ƙarafan da ake zubarwa.

Asabar, ƙarfe sha ɗaya da rabi na safe

Yau ya kai wasan ƙarshe. Na tsaya jikin katanga na ji duka ta rediyon maƙwabta. Ya ce saura daƙiƙa shida, suna gabanmu da maki ɗaya, ƙwallo a hannun Tsani, ita kaɗai a ƙarƙashin kwando, ko yaro zai jefa. Ya ce, "Sai ta tsaya. Jama'a, ta tsaya! Ta juya ta wurga wa Kyaftin da mutum biyu suke tsare da ita. Ni dai ban ce komai ba. Ku kuke da ido." Ya faɗa sau uku cewa bai ce komai ba.

Ni ma ina da ido. Ina zaune a layi na biyu da jakarta. Tun zagaye na uku na ga allurar ta sake ta, tana jan ƙafar in ta ɗauka ba mai kallo. Da ƙwallon ta zo mata ta lanƙwasa gwiwa za ta tashi. Gwiwar ta ƙi. Na gani, ta ɗan tafi gefe. Da ta yi tsallen da faɗuwa za ta yi a gaban kowa. Sai ta jefa wa wadda ta fara gani.

Kyaftin ba ta samu ta jefa ba, aka busa tashi. Baba yana tsaye da ƙahon a bakinsa, ya riga ya cika kumatu. Haka ya sauke shi.

Wani lokaci ina cewa da na ƙara ja kaɗan ranar, da ta riƙe. Wani lokaci ina cewa da ban iya ɗaurin ba tun farko, da an gane tun wasan masu koren riga, da yanzu jinya take ana kawo mata ayaba da lemo ana cewa sannu.

Wasa ashirin da biyu suka buga a kakar nan. Ba wanda yake tuna ashirin da ɗaya.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Mama ta ce in bar makaranta yau in raka su. Na ɗaure da safe. Na ɗaure da kyau, Allah ya sani. Ofishin kwamitin a saman bene yake, matakala ashirin da huɗu. Yaya ta haye su a miƙe, Baba yana bayanta. Ni kaɗai na ga yadda ta danne leɓe.

Na zauna a benci a waje. Ƙofar ba ta rufuwa sosai. Mutum uku ne, da Koci a gefe. Shugabansu ya tambaye ta abin da ya kai ta layin otal. Ta ce wucewa. Ya tambaye ta me ya hana ta jefawa. Ta ce tsoro. Wata mata a cikinsu ta ce, "'Yata, in akwai wani dalili, ko na rashin lafiya ne, yanzu ne lokacin faɗa." Yaya ta ce, "Lafiyata ƙalau." Koci ya ce shi bai taɓa samun rahoton komai ba, likita ya duba su duka kafin wasan. Gaskiya ne ya duba. Ya sa su tsugunna su tashi sau biyar, allura tana jikinta, ɗaurina yana ƙarƙashin wando.

Sai aka tambayi Baba ko yana da abin cewa. Ya ce, "Ni mai walda ne. In na haɗa ƙarfe ya karye, ba na cewa laifin mai saye ne. Ni na tarbiyyantar da ita. In ta yi, ku yi mata hukunci, ni kuma ku yafe mini."

In ta yi. A gaban mutane.

Sun ce a dawo Litinin mai zuwa ƙarfe tara a ji hukunci.

A hanyar gida Baba ya tsallaka titi ya bi ɗaya gefen.

Talata, ƙarfe shida na yamma

Yaya ba ta ci komai ba. Ni na ci nawa duka, kuma ina jin haushin kaina da na iya ci.

Alhamis, ƙarfe uku da rabi na rana

Na dawo makaranta na same ta a ƙasa a bakin banɗaki. Mama ta je sayo zare. Ta ce ta fi rabin awa a wurin. Na ja ta zuwa ɗaki, nauyinta kamar zai karya ni. Gwiwar ta ƙara kumbura fiye da da, ga zafi kamar an ɗora ta a wuta. Na sa mata ƙanƙara.

Na ce, "Yaya, ki faɗa musu."

Ta ce, "Au, yau bakin ya buɗe?"

Na ce, "Za su hana ki wasa shekara biyar."

Ta ce, "Ba su da hujja, hoto ne kawai. Ƙila su ce gargaɗi. Jiya wata ƙungiya ta kira ni daga nesa, sun ce in kwamiti ya sake ni in je gwaji. Kin gane? Wadda ake zargi ana ɗaukarta in tana jefa ƙwallo. Gurguwa ba mai ɗauka. Kuma in suka ji na ɓoye ciwo na shiga wasan kofi, wannan ma laifi ne, wa zai sake yarda da ni?"

Na ce, "Baba fa?"

Ta juyar da kai bango. Ta ce, "Baba zai huce ranar da ya ji sunana a rediyo ana yabo."

Na ce, "Da wace ƙafar?"

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Ta ɗaga hannu kamar za ta mare ni, sai ta kama wuyan rigata. Ta ce, "Kin rantse. Ni na koya miki ɗaure takalmi, ni nake raka ki makaranta lokacin da kike kuka a ƙofa. Abu ɗaya na taɓa roƙonki. Ɗaya."

Sannan ta sake ni ta gyara mini rigar. Ta ce, "Ranar Litinin ki tashi da wuri ki ɗaure mini kafin ki tafi. Ki ƙara soso. Benen nan kawai zan hau, shi ke nan, Likita."

Na ce to.

Asabar, ƙarfe goma na safe

Mutumin rediyo ya koma maganar sabuwar kaka da sababbin 'yan wasa. Ya gama da mu.

Ina taya Mama warware ɗinki ta ce, ba ta dube ni ba, "Soson kafaɗata yana ƙarewa da wuri kwanan nan." Na ce, "Ƙila ɓera ne." Ta ce, "Ƙila." Ta sa zare a allura. Can ta ce, "Babanku jiya ya ƙona hannu. Shekara talatin yana walda." Na jira ta tambaye ni. Da ta tambaye ni kai tsaye da na faɗa, na rantse da na faɗa. Ba ta tambaya ba. Ta taka keke.

Gidan nan kowa yana jiran wani ya fara.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Na yi ta tunani tun jiya. Ba zan iya tsayawa gaban kwamiti in yi magana ba, na san kaina. Gaban Baba ma na kasa.

In ban ɗaure ba, ba za ta hau benen nan a miƙe ba. Ko matakala biyar ba za ta yi ba. Baba yana bayanta, Koci yana sama, matar nan da ta yi tambaya tana nan. Na san wannan ma karya rantsuwa ne, ba zan yaudari kaina ba. Na san waccan ƙungiyar ba za ta sake kira ba. Ƙila ba za ta sake buga ƙwallo ba, ƙila dama ba za ta sake ba ko na ɗaure ko ban ɗaure ba, ban sani ba, ni ba likita ba ce. Ƙila ba za ta sake yi mini magana ba. Ɗaki ɗaya muke kwana.

Ɗazu ta kira ni in tsefe mata kai. Tana ta ba ni labarin garin da za ta je, wai za ta aiko mini da takalmi. Na ce Allah ya sa. Na ci gaba da tsifa.

Gobe tana shiga wanka zan fita. Zan ce wa Mama muna da shara a makaranta da wuri. Filasta da bandeji da sauran soson suna cikin jakata tun yanzu, ƙarƙashin littafin lissafi.